Ranar da Ya'u Ya Ja da Baya

Tarihin ɗaukar hoto a ƙasar Batsari ya kasu gida biyu: kafin Sharhabilu ya dawo hutu, da kuma bayan ya dawo. A zamanin farko jama'a sun rayu cikin duhun kai. Mutum zai saka sabuwar shadda, ya gyara zaman hula, ya turo hannun da agogo yake, ya ƙame kamar wanda aka kira gaban alƙali, a ɗauke shi tun daga hula har takalmi, ya tafi gida yana zaton an yi masa hoto. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu gaskiya, sai da Allah ya kawo Sharhabilu, ɗalibin aji biyu a sashen aikin jarida na wata kwalejin kimiyya da fasaha, rataye da kyamarar da sashen ya ara masa.

Ba hutu ya zo yi ba, aiki ya kawo shi. Malaminsu na darasin hoto, Malam Uzairu, ya ɗora musu ayyukan da za su yi kafin a koma, ya kuma gaya musu cewa kyamara ba madubi ba ce, alƙalami ce. Sharhabilu ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Ya faɗe ta a teburin mai shayi, ya faɗe ta a wurin cajin waya, ya faɗa wa wani tsoho da ya tambaye shi hanyar asibiti.

Aikin farko hoton inuwa ne, wato a sa mutum tsakanin kyamara da rana ta yadda siffarsa kaɗai za ta fito. Ya hau acaɓa har Tsaskiya ta ƙasar Safana, inda wani abokinsa yake walimar saukar Alƙur'ani, ya jera dangi kaf da yamma, rana tana bayansu. Hoton ya yi kyau matuƙa. Kowa a ciki baƙi ne wuluk, ba ido ba hanci, kuma har yau dangin ba su gama gardama a kan wane ne mai saukar ba.

Aiki na biyu hoton motsi ne. A kansa ya tare a Darini, gidan Kawu Maude, yayan mahaifiyarsa, ya ɗauki matar gidan, Inna Suwaiba, tana daka. Turmi ya fito raɗau, taɓarya ta koma hayaƙi, ita kuwa Inna ta fito da hannuwa rututu, ba kai.

Ta daɗe tana duban bayan kyamarar. "Wagga ni ce?"

"Ke ce, Inna. Ƙarfin aikinki na kama."

"To goge, ɗan nan. Kada wani ya gani ya ce an yi mini ruƙiyya ba ta ci ba."

Bai goge ba. Ya dai lura cewa fasaha ba ta cika samun karɓuwa a gida ba, kuma wannan ya ƙara masa tabbacin yana kan hanya.

Aiki na uku shi ne wanda Malam Uzairu ya fi ba maki. Sunansa ruɗin ido: a jera abubuwa biyu, ɗaya kusa da kyamara ɗaya nesa, ta yadda mai kallo zai rantse suna tare, ƙarami ya zama babba, babba ya zama ƙarami. Sharhabilu ya gwada da kofin shayi da hasumiyar masallaci, ya gwada da kaza da babur, bai gamsu ba. Yana son abin da zai sa Malam Uzairu ya cire tabarau ya sake mayarwa.

Shi Kawu Maude manomi ne, amma abin da aka san shi da shi turka sa. Duk shekara yakan sayi sa guda, ya ɗaure shi a turke bayan gida, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa da angurya da ruwan kanwa har Babbar Sallah ta matso. Mai sayensa ɗaya ne, Alhaji Tayyib, ɗan garin da ya koma Kano ya yi arziki a harkar yadi. Da can Alhaji yakan zo da kansa ya shafa bayan san, ya ci tuwon Inna Suwaiba, ya koma. Tun da hanyar ta zama sai da addu'a, ya daina zuwa. Yanzu hoto ake tura masa a waya, ya duba, ya turo mota. Ba ya tayawa, ba ya aiko dillali ya duba masa. Abin da Maude ya ce, shi ne. A majalisar Alhaji a Kano, idan ana maganar yadda amana ta ƙare a duniya, yakan ɗaga yatsa ya ce, "Sai dai Maude na Darini." Maganar takan dawo har kunnen Kawu, kuma yakan yi kamar bai ji ba, sannan ya nemi a maimaita.

Hoton san layya yana da ƙa'idarsa a Darini, kuma ƙa'idar ita ce Ya'u. Ya'u tela ne, dogo ne irin wanda ba ya shiga kowane zaure sai ya rusuna, kuma duk ɗan garin da ke birni ya san iyakar tsawonsa. Saboda haka idan layya ta kusa, Ya'u yakan rufe kekensa ya bi gida-gida, ya tsaya jikin kowane sa, ya ɗora tafin hannu a kan tozo, a ɗauka. Mai saye ba ruwansa da kyan hoto. Inda tozo ya tsaya a jikin Ya'u yake dubawa. In ya kai ɗamara, sa ne na rufin asiri. In ya kai ƙirji, an yi kiwo. Ya'u ba ya murmushi a waɗannan hotuna, domin a ganinsa ma'auni ba ya dariya.

San bana fari ne, mai sheƙi, mai ladabi, tozonsa ya tsaya wa Ya'u tsakanin ɗamara da ƙirji. Ba abin kunya ba ne, ba kuma abin kiran maroƙi ba.

"Bana mun huta da hoton waya," in ji Kawu Maude da safe, yana wanke wa san ƙafafu. "Ga mai ilimin abin a gida. Sharhabilu, ka ɗauka mini mai kyau, wanda Alhaji zai ga komi."

"Kawu, zai ga abin da bai taɓa gani ba."

Kawu ya ji daɗin wannan amsa. Aka aiko kiransa ta'aziyya a bayan gari, ya bar su su uku: Sharhabilu, Ya'u, da sa.

Ya'u ya je ya tsaya inda ya saba, ya ɗora hannu a tozo, ya haɗe rai. Sharhabilu ya duba ta kyamara, zuciyarsa ta yi baƙi. Ga dogon mutum, ga sa, ga fili shimfiɗe a bayansu har gindin wata kuka, ga hasken safiya irin wanda Malam Uzairu yake kira kyautar Allah ga matalaucin mai hoto, amma za a ɓata su duka a kan hoton zamanin duhun kai. Nan take aiki na uku ya faɗo masa a rai.

"Baba Ya'u, ɗan ja da baya."

Ya'u ya ja.

"Ƙara."

"Hannuna ya bar tozon hwa."

"Ba komai. Ƙara ja. Yauwa, ƙara kaɗan. Matsa dama. To ɗaga hannu sama, ka buɗe tafin kamar kana dafa wani abu."

Ya'u ya ɗaga hannu. "Mi nike dafawa?"

"Iska."

"Iska," in ji Ya'u, ya jinjina kai kamar mai karɓar fatawa. "Haka aka yi yanzu?"

"Haka ake yi a ko'ina, Baba. Mu ne aka bari a baya."

Sharhabilu ya kwanta rub da ciki a gaban san, bai damu da abin da ya kwanta a kai ba, ya karkata kyamara sama, ya jira san ya ɗaga kai, ya danna.

Abin da ya fito ya wuce fatansa. Ga wani farin bijimi ya cika duniya, ƙahonsa na taɓa gajimare, ƙirjinsa kamar bangon rumbu. Ga Ya'u a gefensa, Ya'un da kowa ya sani, ya yi miƙa iyakar tsawonsa, da ƙyar yatsunsa suka kai tozo. Hularsa ko kafaɗar san ba ta kai ba.

Da Kawu ya dawo, Sharhabilu ya kai masa kyamarar har inuwa. Kawu ya kare hasken da hannun riga, ya duba. Ya daɗe yana dubawa. A nan ne ya kamata ya yi magana, kuma ya buɗe baki zai yi. Amma mutumin da ya kwashe watanni yana tashi da asuba yana dama dusa yana da hoton sansa a zuci, kuma wannan ne karo na farko da wata na'ura ta yarda da shi.

"Ya ɗan yi girma," ya ce a hankali.

"Haske ne, Kawu."

"Haske." Ya sake dubawa. "To, Allah ya yi albarka. Tura mishi."

Sharhabilu ya tura hoton wuri biyu, wa Alhaji Tayyib da kuma Malam Uzairu.

Alhaji ne ya fara amsawa, da saƙon murya mai tsawo wanda rabinsa salati ne. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin dabba irin wannan ba sai a ƙasar waje. Ya ce ya nuna wa 'yan majalisa, wani ya ce haɗi ne na kwamfuta, shi kuwa ya ce masa wannan Ya'u ne, tare suka yi makarantar allo, kuma wanda ya turo hoton Maude ne, magana ta ƙare. Ya ce ya gayyato surukansa su zo kallo, ya sa an cire ƙyauren gareji. A ƙarshe ya ce ba zai turo a-kori-kurar da ya saba turowa ba, don zalunci ne, babbar mota zai turo jibi.

Kawu ya saurari saƙon, ya ajiye wayar, ya zagaya bayan gida ya tsaya yana kallon san. San ma ya kalle shi, yana tuƙa. Daga nan Kawu ya ƙara masa dusa fiye da ta kullum, kamar akwai abin da dusa za ta iya yi kafin jibi.

Motar ta iso da hantsi, doguwa mai shingen katako, da tulin igiya da majiya ƙarfi biyu da aka ɗauko daga tasha don su taimaka a ɗora. Direban, Mamman, ya sauko ya gaisa da Kawu, aka tambayi gida da iyali da hanya da gajiya da damina, ya sha ruwa, sannan aka zagaya da shi bayan gida. Ya tsaya. Ya ciro waya ya duba hoto, ya duba sa, ya leƙa bayan rumbu.

"Baba, ina yake?"

"Ga shi nan gabanka."

Mamman mutum ne mai tarbiyya. Sai kawai ya kira Alhaji ta bidiyo.

"Mamman, kun isa? Juya wayar in gan shi."

Mamman ya juya.

"Masha Allah, wannan ma ya yi kyau. To nuna mini uban."

"Shi ne wannan, Alhaji."

"A'a, babban nake nufi. Na hoto."

"Alhaji, shi kaɗai ne a turke."

Mamman ya duba ko layi ne ya yanke. Can Alhaji ya ce a kira masa Ya'u. Aka aika shago, Ya'u ya zo da zare a wuya, ya tsaya jikin san ba tare da an ce masa ba, ya ɗora hannu a tozo. Tozo ya tsaya inda yake tun farko, tsakanin ɗamara da ƙirji.

"Ya'u," in ji Alhaji, "ka ƙara tsawo ne a kwanakin nan?"

"Ina hwa, Alhaji. A shekarun ga sai dai raguwa."

Sharhabilu ya ga lokaci ya yi da ilimi zai sa baki. Ya matso gaban wayar, ya gaida Alhaji, ya fara bayani a kan nisa da kusa, da yadda ido yake yarda da abin da aka jera masa, da cewa babu abin da aka ƙara ko aka rage a hoton, kowane gashi na san ne. Ya kai daidai inda kyamara ba madubi ba ce, Kawu ya sa hannu ya karɓe wayar daga hannun Mamman.

"Alhaji, ni na ce a turo. Na gani kahin a turo."

Alhaji Tayyib bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Dariya ya yi 'yar kaɗan, irin ta kasuwa.

"Ba komai, Malam Maude. Wallahi ba komai. Zamani ne ya zo da haka, kowa ma yanzu haka yake yi. Masu yadi ma haka muke fama. A ɗoro shi kawai, za mu san abin da za mu gaya wa mutane."

Kawu ya miƙa wa Mamman wayarsa. Majiya ƙarfin nan suka fara warware igiya, ɗaya yana gaya wa ɗaya cewa wannan ai ko shi kaɗai zai ɗora shi. Inna Suwaiba tana bakin ƙofar cikin gida, ta ji komai.

"Kowa ma haka yake yi," ta maimaita, ba ta kalli kowa ba. "Malam, yau ka zama kowa."

"Ku dakata," in ji Kawu.

Ya bi ta ƙofar baya zuwa garken da shanun huɗarsa biyu suke. Da su yake noma gonarsa, da su yake yi wa maƙwabta huɗa idan ya gama tasa, kuma ruwan shuka ya riga ya sauka, huɗa ake shirin farawa. Ya kwanto babban cikinsu, wani farin bijimi mai faɗin ƙirji da kantar karkiya a wuya, ya jawo shi har gaban mota.

"Ya'u, zo ka tsaya. Ka dafa shi da kyau, kada ka matsa ko'ina. Mamman, kira Alhaji."

Ya'u ya dafa. Tozo ya wuce ƙirji, yana neman kafaɗa. Bai kai na hoto ba, domin san hoto ba a haife shi ba tukuna, amma sa ne da za a cire wa ƙyauren gareji ba a ji kunya ba.

"Malam Maude, wannan ba san nomanka ba ne?" in ji Alhaji.

"Sa ne. Lafiyarshi lau, haƙoranshi sun cika. Ka gan shi, ka ga Ya'u."

"To me za a ƙara a kan yadda muka yi?"

"Yadda muka yi, haka yake."

Alhaji ya yi ta rantsuwa cewa ba sai an yi haka ba, amma bai ce a mayar da san garke ba. Kafin a kashe wayar an ji shi yana gaya wa wani a gefensa, "Ba na gaya maka ba? Maude ne fa." Majiya ƙarfi suka sami aikin da aka ɗauko su dominsa, har ɗaya ya yi asarar takalmi. Mota ta tashi.

Sharhabilu ya bi kawunsa har bakin rijiya. A iya saninsa bai yi ƙarya ba, amma ya lura tun ɗazu babu wanda ya kalle shi, kuma hakan ya dame shi fiye da zagi.

"Kawu, ni fa ban yi nufin..."

"Na sani. Ka ci abinci?"

"A'a."

"Tahi ka ci."

Da la'asar saƙon Malam Uzairu ya shigo. Ya ce a duk ajin babu wanda ya fahimci darasin kamar Sharhabilu. Ya ce za a wanke hoton babba a manna a allon sashen, kuma ya yaba musamman da yadda mutumin cikin hoton ya haɗe rai, wanda a cewarsa yana nuna ƙanƙantar ɗan Adam a gaban halitta. Sharhabilu ya karanta wa Inna Suwaiba. Ta ce Allah ya ƙara basira, ta ci gaba da tankaɗe. Ya karanta wa Ya'u, Ya'u ya tambaya ko za a rubuta sunansa a ƙasa, da kuma cewa yana ɗinki.

Ranar da zai koma makaranta, Inna ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu. Kawu ba ya gida, an ce tun da sassafe ya fita gona, amma ya riga ya yi magana da ɗan acaɓan da zai kai Sharhabilu tashar Batsari, ya kuma sallame shi.

Hanyar ta bi ta gefen gonar. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, ko'ina shanu ne bibbiyu suna jan garma. A gonar Kawu ma akwai shanu biyu a ƙarƙashin karkiya: tsohon san huɗan da ya rage, a tsaye yana jira, da turkakken san layya, wanda bai taɓa jan ko tsinke ba a rayuwarsa, ya kwanta abinsa a tsakiyar kunyar farko yana tuƙa. Da alama an daɗe da gama lallashinsa. Can gaba Kawu Maude ne, ya tuɓe riga ya rataye a reshe, ya sunkuya da garmar hannu yana tada kunya shi kaɗai, gonar kuwa shimfiɗe a gabansa har inda ido ya tsaya.

Ɗan acaɓa ya rage gudu ya yi hon. Kawu ya ɗago, ya share goshi da bayan hannu, ya ɗaga wa Sharhabilu hannu.

"A yi karatu da kyau," ya ce. "A gaida malamin naku."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara riƙon garma, ya sake sunkuyawa.